Ido Ba Mudu Ba Ne: Darussa Daga Na'urar Feshin Ruwa

A Kano, da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, duk wani kore da ke cikin gida ya koma wuyan mai gidan, har sai damina ta sake faɗuwa wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Wata bakwai zuwa takwas ke nan ana fama da tiyo da bokiti. Wannan ɗawainiya ce ke sa mutane su sayi 'yar na'urar nan ta feshin ruwa da ake ɗaurawa a bakin tiyo, a kafa ta a tsakiyar ciyawa, a buɗe famfo, a koma inuwa. Ni ma ina da ɗan fili a gefen gida, da ciyawar kafet, da fangali biyu na alayyahu da salak, da bishiyar lemun tsami da ta gwaiba, kuma na jima ina shayar da su da irin wannan na'ura. Abin da na fahimta shi ne ita kanta ba ta tanadin ruwa, tana ma iya ninka ɓarnarsa. Amfaninta yana hannun mai saita ta, shi kuma sai ya san abu uku: ruwansa, ƙasarsa da iskar garinsa.

Darasi na farko shi ne mutum ya san ƙarfin ruwan gidansa kafin ya shiga kasuwa. A shagunan kayan famfo, irin na Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ana samun wannan na'ura iri-iri. Akwai mai tsayawa wuri guda tana watsa ruwa kewaye da ita. Akwai mai hannuwa biyu ko uku da ke juyawa. Akwai doguwa mai jerin huji da ke lilo dama da hagu, wadda ta fi dacewa da fili mai kusurwa huɗu. Sai kuma wadda ta fi kowace tashe, mai harba ruwa nesa tana ƙas-ƙas-ƙas. Wani manomin lemu mai suna Orton Englehardt ne ya ƙirƙiro wannan ta ƙarshe a garin Glendora na jihar Kalifoniya ta Amurka a 1933, kuma da ita kamfanin Rain Bird ya yi suna. An yi ta ne don gonaki da gidajen da ruwa ke zuwa da ƙarfi a bututu, kuma a nan ne gizo ke saƙar.

Yawancinmu ruwan tankin sama muke sha, kuma ƙarfin irin wannan ruwa ya dogara ne da tsayin tankin daga ƙasa, ba da girman tankin ba. Mai ƙas-ƙas tana son ƙarfin da ya kai na ruwan da ya gangaro daga tsayin mita 20 zuwa 30, alhali tankunan gidajenmu ba su cika wuce mita 5 ko 6 ba. Sakamakon haka sai ka ga na'ura sabuwa fil tana tsiyayar da ruwa a gabanta, hannunta ya ƙi motsi, mai ita yana zagin ɗan kasuwa ya sayar masa da jabu, alhali kayan lafiya lau yake. Mai tankin sama kaɗai ya sayi ƙarama mai juyawa ko mai tsayawa. Wanda ya ƙwallafa rai a kan babbar, to ya haɗa tiyonsa da ɗan injin tura ruwa, ko ya yi ban ruwa lokacin da injin rijiyar burtsatse ke aiki. Tiyon ma yana da nasa: dogo siriri yana cinye ƙarfin ruwa a hanya, don haka gajere mai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci ya fi dogo mai rabin inci, kuma kowace lanƙwasa ko yoyo a mahaɗa ragi ne.

Darasi na biyu shi ne saiti, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Idan ka tsuguna kusa da mai ƙas-ƙas ka dube ta da kyau, za ka ga dabarar ba ta da wuya. Ruwan da ke fita daga bakinta yana bugun wani hannu mai lanƙwasa ya ture shi gefe, sifirin ya dawo da shi da ƙarfi ya doki jikin na'urar, sai ta ɗan gusa. Haka take yi har ta zagaye. A wuyanta akwai zobba biyu masu kunnuwa, a bayanta kuma ga wani ɗan ƙarfe a rataye. Idan ka ɗaga ɗan ƙarfen sama, za ta yi ta zagayawa gaba ɗaya. Idan ka sauke shi tsakanin kunnuwan nan biyu, duk lokacin da ya taɓa ɗaya sai ta juyo da baya. Kenan da yatsunka za ka matsa zobban ka ce mata daga nan zuwa nan kawai, rabin da'ira a gefen katanga, rubu'i a lungu. A gefen bakinta akwai ɗan sukuru. In ka murɗa shi ya shiga cikin ruwan, sai ya fasa shi ya zama yayyafi mai sauka kusa, in ka sassauta shi ruwan ya tafi nesa. Wasu kuma suna da ɗan faranti a saman baki da ake dannawa ƙasa don rage nisan. Mai lilo ita ma tana da maɓalli ko 'yan kunnuwa a gefe da ke taƙaita lilon zuwa gefe guda ko tsakiya.

Wannan saiti yana ceton abin da ya fi ruwa tsada. Ruwan da ke dukan katanga kullum yana tayar da fenti, ya jiƙa bulo, ya bi gindin gini, in kuwa ginin ƙasa ne sai dai a yi addu'a. Danshin da ba ya bushewa a gindin bango gayyata ce ga gara, ruwan da ya kwanta a kwari kuma masaukin sauro ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce duk ɗigon da ya sauka a kan siminti ko bango asara ne, don haka nakan fara da buɗe famfo kaɗan, in ga inda ruwan ke sauka, in gyara, sannan in ƙara.

Yanayin feshin ma yana ba da labari. Idan ƙarfin ruwa ya yi ƙasa, ruwan yakan taru a can gefen da'irar ya bar tsakiya a bushe, bayan 'yan makonni sai ka ga ciyawa ta yi kore a zagaye kamar gammo, tsakiyarta ta yi ja. Idan ƙarfin ya yi yawa, ruwan ya zama hazo, iska ta kwashe shi zuwa gidan maƙwabci. Abin da ake nema ɗigo ne masu ɗan nauyi, waɗanda ke sauka ba tare da sun tona ƙasa ba. In za ka matsar da na'urar zuwa wani wuri, ka kafa ta inda feshin farko ya tsaya, domin na biyu ya hau kan na farko, kada a bar ratsi busasshe a tsakani.

Darasi na uku awo ne, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Wani dattijo mai lambu da ke kawo mini dashe ya taɓa tarar da ni ina kallon ruwa yana ƙyalli a kan ciyawa, sai ya ciro wani tsinken ƙarfe ya soka a ƙasa, ya zaro ya nuna mini. Ɗan yatsa guda ne kawai ya jiƙe. Ya ce, "Malam, ganye ka wanke, saiwa ba ta sha ba." Na ce, "To Baba, yaya ake sanin ta sha?" Ya ce, "Ka tambayi ƙasa, kada ka tambayi ido."

Hanyar tambayar ba ta buƙatar ko sisi. Ka tara gwangwanayen tumatir ko na madara guda biyar ko shida masu girma ɗaya, ka yanke marufinsu gaba ɗaya, ka jera su daga gindin na'urar har inda ruwan ke ƙarewa. Ka buɗe famfo minti 15, ka rufe, ka auna zurfin ruwan kowanne da rula. Nan take za ka ga abu biyu: inda ruwa ke taruwa da inda ba ya zuwa, da kuma yawan abin da na'urarka ke zubawa. A ce ka samu milimita 5 a yawancinsu. Kenan milimita 20 take bayarwa a awa guda. Shawarar da masana ciyawa suka saba bayarwa ita ce kimanin milimita 25 a mako, wato awa ɗaya da kwata a wannan misali. A sanyin Disamba da Janairu wannan yana wadatarwa, amma a zafin Maris da Afrilu ƙasa tana neman fiye da haka.

Lissafin da ya fi tayar da hankali shi ne na lita. Milimita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, lita ɗaya ce cif. Saboda haka fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi yana shan lita 2,500 a mako, wato jarka 100 masu lita 25, irin waɗanda 'yan garuwa ke turawa a kura. Tankin lita 2,000 ba ya isa ke nan. Duk mai shirin shimfiɗa ciyawa a gidansa ya yi wannan lissafi tun kafin ya kira mai dashe.

Darasi na huɗu ya shafi lokaci da yawan shayarwa. Bayan sallar asuba, kafin hantsi ya dubi ludayi, shi ne lokacin da ya fi. Iska ba ta tashi ba, ƙasa da sanyinta, ruwa yana samun damar nutsewa, ganye kuma ya bushe da fitowar rana. Da tsakar rana wani kaso yana bin iska tun kafin ya amfani shuka. Da dare kuwa ganye yana kwana a jiƙe, abin da ke jawo cutar ruɓa. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, sai da'irar feshin ta karkace, wani gefe ya sha ya ƙoshi, wani ya kwana da ƙishi. Maganinsa a matsa da na'urar wajen da iskar ke fitowa, a kuma danna farantin ƙasa don kada ruwan ya tashi sama.

Sannan shayarwa mai zurfi sau biyu ko uku a mako ta fi yayyafi na kullum. Saiwa tana bin ruwa ne. In kullum a sama yake tsayawa, a sama za ta zauna, ranar da aka kwana biyu ba wuta ba ruwa kuwa ciyawar ta ƙone. Danshi ya kai kamar taƙi guda a ƙasa, kuma sukundireba ko tsinken ƙarfe zai gaya maka, domin yana shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa ba gardama, ya tsaya inda ta bushe. Ƙasar jigawa tana shanye ruwa da wuri ta kuma bushe da wuri, don haka tana son kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ƙasar laka ba ta shan ruwa da sauri. Da ka ga ya fara gudu a sama, ka rufe famfo na rabin awa, ya nutse, sannan ka ci gaba. Ita ciyawar ma tana sanar da ƙishinta: in ka taka ta sawunka ya zauna bai tashi ba, lokaci ya yi.

Ba kowace shuka ce ke son feshi ba. Ciyawa da alayyahu da salak suna jin daɗinsa in ɗigon ƙanana ne. Tumatir da tattasai da attaruhu sun fi son ruwa a gindi, jiƙa musu ganye yana jawo cuta. Bishiya kuma a yi mata gurbi a kewaye, a saki tiyo a hankali ya cika shi. Ita na'urar ba ta neman kulawa mai yawa. Yashin rijiyar burtsatse da ƙurar hunturu ne ke toshe mata baki, sai a sa 'yar raga a mahaɗarta da tiyo, a riƙa share hujin da tsinken sakace ko tsohon buroshin haƙori. Ƙusa tana faɗaɗa hujin ta lalata feshin har abada. In an gama a naɗe tiyo a kai inuwa, domin rana tana busar da roba ta tsage. Ruwan da ya yini a cikin tiyo a rana kuma yakan yi zafin da zai dafa ƙaramin dashe, a fara zubar da shi a bokiti.

Darasi na ƙarshe bai tsaya a cikin gida ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na unguwa ne baki ɗaya, kuma a ƙarshen rani rijiyoyi kan ja baya. Babu kyan gani a ce ruwa yana malalowa daga ƙarƙashin ƙofar wani zuwa kwata, alhali yaran maƙwabta suna layi da bokitai a bakin famfo. Addininmu ya hana almubazzaranci da ruwa ko a wajen alwala, balle a kan ciyawar ado. Wannan ne ya sa na rage faɗin ciyawata, na ƙara fangalin ganye da bishiyar da za a ci 'ya'yanta a sha inuwarta, kuma ban ga abin da gidan ya rasa ba.

Don haka, ya mai karatu, in kana da wannan na'ura ko kana shirin sayenta, ka fara da gwangwanaye shida da rula da agogo. Ka auna abin da take zubawa, ka tsare ta daga katanga, ka shayar da sassafe, ka rufe famfo idan lissafi ya cika. In kuma lissafin ya nuna ruwan gidanka ba zai ɗauki filin ba, filin za ka rage.