Tsohon Kibod a Jimeta

Matafiyin da ya baro Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, ya gangaro Jimeta bakin Binuwai, zai iske masu buga wa mutane takardu a shagunan kasuwa. Wasunsu har yau ba su rabu da tsohon kibod mai zagayayyen baki da fil shida ba, samfurin da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987. Yawancin sababbin kwamfutoci kuwa ramin USB kawai gare su.

'Yar adafta ce ke haɗa su, amma sai wadda ke da ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, mai fassara saƙon tsohon ga sabuwar. Wanda arha ta ruɗe shi ya sayi holoƙo, ko baƙi ɗaya ba zai buga ba, cinikin ranar kuwa ya wuce shi.