Wasiƙa zuwa ga 'yata kafin ta je bakin teku

Ummi,

Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da sauran mutanen gida a Agege. Takardar neman izinin da makarantarku ta aiko ta iso, kuma na sa hannu. Hajiya ta so ta hana, ta ce teku ba wurin wasan yara ba ne. Gaskiyarta, don haka kada na ji an ce wasa ya kai ki.

Na yarda ne saboda malamarku ta ce da hannunku za ku yi aikin. Za ku ɗebi ruwan teku ku dafa shi har ya ƙafe, ku auna abin da ya rage a gindin tukunya. Littafi ya ce lita ɗaya tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Ki auna naki ki gani, sannan ki gwada da ruwan lagun ɗin Legas, wanda kogin Ogun ke zuba masa ruwan daɗi. Gishirinsa yakan ragu sosai da damina. In lissafinki ya saɓa da na ƙawarki, kada ki goge ki kwafi nata. Ku sake aunawa.

Ki kafa sanda a rairayi da safe, ki koma da rana ki ga inda ruwa ya kai. Sau biyu yake tasowa ya janye a yini da dare, kuma jan wata ne babban dalili, watan nan dai da muke leƙe don azumi. In an ba ki madubin ƙara girman abu, ki daɗe a kansa. Ƙananan tsirran da ke yawo a ɗigon ruwan tekun da za ki duba, su da 'yan'uwansu a tekunan duniya, su ke samar da kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a doron ƙasa.

Kada ki ɗauka ɗan Arewa ba ruwansa da teku. Kakanki gabas yake duba in yana jiran hadari, amma danshin da ke zama ruwan da gonarsa ke sha, iskar kudu maso yamma ce ke kwaso shi daga Tekun Atilantika. Kogin Kaduna kuma yana faɗa wa Kwara, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lokoja, su gangara teku tare. Ledar fiya-wata da muke yarwa a kwata tana iya bin wannan hanya, kunkurun teku ya haɗiye ta yana zaton abinci ne.

Na ji za a kai ku Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975. Ki yi tambaya, kada kunya ta rufe miki baki. Masunta ma ki gaishe su da ladabi ki tambaye su, sun san ruwan nan tun kafin a gina cibiyar.

Sharaɗina: rigar kariya ba ta barin jikinki a cikin kwalekwale, kuma ba kya shiga ruwa ya wuce idon sawu sai malama na kusa, don igiyar ruwan Legas tana ja da ƙarfi. Ki rage ɗaukar hoto, ki rubuta abin da kika auna, ki zo mini da littafin idan an yi hutu.

Ki gaishe da Gwaggonki. Allah Ya tsare, Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
daga Kaduna.