Abin da Ke Ƙarƙashin Ciyawar Tuam

Aikin kula da tsofaffi a gidajensu ne ya riƙa kai ni Tuam, wani ƙaramin gari a yankin Galway da ke yammacin ƙasar Ayalan. A unguwar Dublin Road, bayan gidajen mutane, a lokacin akwai wani ɗan fili mai ciyawa da aka kewaye, da gunkin Maryamu a kusurwa, ga wurin wasan yara dab da shi. Na sha wucewa ta wurin da jakar aikina. Lambu na ɗauke shi.

A 2014 labari ya fashe. Catherine Corless, wata mata 'yar yankin mai bin tarihin garinsu, ta sayi takardun shaidar mutuwa ɗaya bayan ɗaya da kuɗin aljihunta, ta tara sunayen yara 796 da suka mutu a gidan da 'yan zuhudu na Bon Secours suka gudanar a wannan wurin daga 1925 zuwa 1961, ba tare da wata shaidar inda aka binne su ba. Gidan na matan da suka yi ciki ba aure ne. Kafin wani Bahaushe ya girgiza kai, ya tuna yadda mu ma muke yi da irin waɗannan 'yan mata a gida.

Wata tsohuwa da nake yi wa wanka da safe ta yi makaranta da yaran gidan. Da na tambaye ta, sai ta ce, "'Yar nan, wa ya ce ba mu sani ba? Tun daga nesa muke jin ƙarar takalmansu a kan titi. Gefe guda ake zaunar da su a aji. In kin yi rashin ji, a ce za a kai ki kusa da su." Ta ce ko a shekarun 1970, da wasu yara maza biyu suka ɗaga murfin kankare a filin suka ga ƙasusuwa, limamin coci aka kira ya yi addu'a, aka rufe, aka ce ai na zamanin babbar yunwar da aka yi a Ayalan ne. Hujjar tana da wurin tsayawa, domin ginin tun asali gidan ajiye matalauta ne na shekarun 1840. Sai dai hujja ce da ta yi wa kowa daɗi.

A watan Maris na 2017 wata hukumar bincike da gwamnati ta kafa ta tabbatar da cewa an sami gawarwaki masu yawa a cikin aƙalla ɗakuna 17 daga cikin 20 na wani gini a ƙarƙashin ƙasar filin mai alaƙa da zubar da ƙazanta, daga 'yan tayi masu mako 35 zuwa yara 'yan shekara uku. Ranar ban iya cin abinci ba. A wajenmu ko jinjirin kwana ɗaya sai an yi masa sutura.

Ina cikin waɗanda suka taru a filin a watan Agustan 2018, ranar da Fafaroma Francis ke jagorantar ibada a Dublin. An karanta sunayen yaran duka. Ƙafafuna sun gaji kafin a kai rabi.

Daga nan sai jira. Firaminista Micheál Martin ya nemi gafara a 2021, dokar da ta ba da damar haƙa ta fito a 2022, amma sai 14 ga Yuli, 2025 aka fara aikin, ƙarƙashin Daniel MacSweeney, tsohon ma'aikacin ƙungiyar Red Cross. An kafa dogon shinge ya rufe filin da wurin wasan gaba ɗaya. Yanzu in na wuce, allunan shinge da masu gadi kawai nake gani.

Wahalar aikin ita ce ƙasusuwan sun cakuɗe, ga su ƙanana, ga shekaru sun ci su. Sai an rarrabe na wannan yaro da na wancan, a raba na zamanin yunwa da na zamanin gidan, sannan a gwada ƙwayoyin halitta da na dangi. Kimanin shekara biyu aka ɗiba wa haƙar kawai. Dangin kuwa yawancinsu sa'o'in waɗanda nake kula da su ne, shi ya sa aka fara ɗaukar samfuri daga tsofaffi da marasa lafiya tun kafin a taɓa ƙasa. Tsohuwar tawa ba ta kai lokacin ba. Ta rasu kafin a kafa shingen.