Daga jawul zuwa ruwan rijiya

Jawul ɗin da iyayenmu mata ke turare da shi a Kurfai, Larabawa na ce masa luban jawi. Daga nan Turawa suka samo kalmarsu, har sinadarin benzin ya samu suna a 1833. Danginsa kuwa, ana kiransu "masu ƙamshi". Ni kam sunan nan bai kwanta mini ba.

Da yawansu guba ne, suna cikin rini da maganin ƙwarin da ake fesawa a garake. Ga mu a Filinge, cikin Dallol Bosso, ruwan rijiya kusa yake da ƙasa.

Ƙirarsu zobe ce ta kabon shida, mai wuyar fashewa. Masana na sa lantarki cikin ruwan, sai hidroksil ya fito a jikin farantin wutar. Ko daƙiƙa ba ya kaiwa a raye, amma nan take yake afka wa zoben. Galibi jinkirin duk na gubar ne, kafin ta iso farantin.

To ƴan uwa, suna linzami ne. In ka ce wa mai garka "mai ƙamshi", wa zai ji tsoro? Mu ce "masu zobe", mu yi masa bayanin sauran.