Kafin a kai lefe, a auna jini

Mu 'yan ajin ƙarshe hirarmu yanzu biyu ce: furojet da aure. Ta biyun ce ta sa na ɗauki biro.

Ɗan yayata a Gulma shekararsa 7, yana da sikila. Tun yana goye hannunsa da ƙafarsa ke kumbura. Yanzu da hunturu ya shigo sai ciwo ya tashi, a kwana ba a runtsa ba. Tsofaffi suka ce sanyin ƙashi ne, wasu suka ce iska. Sai da aka kai shi asibiti a Birnin Kebbi aka gano SS ne. Yayata AS ce, mijinta, ɗan baffanmu, shi ma AS. Babu wanda ya sani kafin a ɗaura.

Mutane sun ɗauka ciwon ƙashi ne kawai. Alhali a jijiyoyin jini ɓarnar take. Ƙwayar jinin mai sikila lanƙwashewa take kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ta toshe su, bangonsu ya kumbura. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, tasa ba ta wuce 20. Jini ya yi ƙaranci, zuciya ta dinga aikin mutum biyu har ta ƙara girma. Idan jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe, yaro ɗan firamare sai ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Lissafin ba shi da wuya. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Kowane ciki fa, ba wai idan na fari ya ɗauka sauran sun tsira ba. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma mai AS lafiyarsa ƙalau, ba za ka gane a fuska ba. A ajinku mutum nawa ke nan?

Jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwaji kafin aure. Mu kada mu jira doka. Gwajin da aka yi bayan an sa rana, iyaye sun san juna, zuciya ta riga ta tafi, shi ne ake rufe ido a ce Allah zai kiyaye. Allah na kiyayewa, amma yayata ce ke riƙe da yaron nan da daddare.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka bar kwalejin nan, kafin ki ce "na amince", a je a auna. Kuɗinsa bai kai na atamfa ɗaya ba.