Kafin ku sa hannu a takardar haya, ku duba kalmar nan

'Yan uwa, musamman sababbin shiga da ke neman ɗaki a wajen makaranta nan Ibadan.

Akwai wata kalmar Turanci da za ku dinga ji har ta gundure ku: "severally". Lakcara zai ce ya ja muku kunne "severally", shugaban aji zai ce ya kira ka "severally" ba ka ɗaga ba. Duk nufinsu sau da yawa. Kuma ba kuskure ba ne fa. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wannan ma'anar a matsayin Turancin Najeriya, tare da "okada" da "danfo", har da Kannywood ɗinmu. Don haka in wani ya yi maka dariya a kai, rabu da shi kawai.

Amma a Turancin lauyoyi ma'anarta daban ce: kowa a karan kansa. To a nan gizo ke saƙar.

Ku huɗu kun haɗa kuɗi kun kama fulat a Agbowo, dillali ya miƙo takarda ɗaya, a ciki an rubuta "jointly and severally liable". Ba wai za ku biya sau da yawa ba. Ana nufin bashin yana wuyanku gaba ɗaya, kuma yana wuyan kowannenku shi kaɗai. In ɗaya ya tafi hutu bai dawo ba, mai gida na da damar neman kuɗin duka a hannun mutum ɗaya. Kuna jin zai hau mota har Gusau neman wanda ya gudu? Wanda ke gabansa zai damƙa.

Bara haka ta faru da wani a gidanmu. Biyu suka bar makaranta, shi da ya rage ya biya kason su na haya har da kuɗin wuta, wallahi sai da ya sayar da kwamfutarsa ana saura sati biyu jarrabawa.

Ku nemi a rubuta kason kowa da sunansa a takardar. In mai gida ya ƙi, kuma da yawa za su ƙi, ku rubuta taku yarjejeniyar tsakaninku, kowa ya sa hannu, da shaidu da lambar wayar wani babba daga gidan kowa. Kunya ce ke hana mu, ana ganin kamar rashin yarda ne da ɗan uwa.

Duk wanda takarda ke hannunsa yanzu, don Allah ya turo min hotonta. Akwai 'yan sashen shari'a biyu da suka ce za su duba kyauta.