Kai ɗalibi makaranta a Talata Mafara: abin da na sani game da hanyar

1/
Lokacin komawa makaranta ya zo, kuma mutum uku sun tambaye ni abu ɗaya cikin satin nan: ƙaninsu ko ƙanwarsu ta samu gurbi a Talata Mafara, gida ana son a raka ta, amma kowa gabansa na faɗuwa saboda hanya. Maimakon in riƙa amsawa ɗaya-ɗaya, bari in zuba shi nan gaba ɗaya. Zai yi tsawo, ku yi haƙuri.

2/
A Zariya muke zaune, amma mahaifiyarmu 'yar Bakura ce, muna kuma da gwaggo a Maradun. Autarmu tana karatu a Mafara. Tun da ta fara, ni ne direban gidan. Na bi hanyar nan da Baba a gefena, Mama da yara a baya, but cike da garin kwaki da katifa, sau da yawa. Ba jami'in tsaro ba ne ni. Direban gida ne kawai.

3/
Ga wanda bai san wurin ba: Mafara gari ne a kan titin Gusau zuwa Sakkwato, kusan tsakiyar tafiya. Ba babban birni ba ne, amma makarantu sun riƙe shi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wadda aka kafa a 1992, tun Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, kafin a yanke ta a 1996. Akwai Jami'ar Jihar Zamfara da aka kafa a 2018. Can Bakura kuma akwai kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi. Shi ya sa za ka ga ɗalibi ko'ina, a wurin mai shayi, a shagon buga takardu, a bayan ɗan acaɓa rungume da bokiti.

4/
Bari mu fara da maganar da kowa ke kewayewa. Eh, akwai matsalar 'yan bindiga a yankin, kuma ba ƙarama ba ce. Jangebe, inda aka kwashe 'yan mata 279 ranar 26 ga Fabrairu 2021, a ƙaramar hukumar Talata Mafara take. A Agustan shekarar aka shiga kwalejin gona ta Bakura da dare aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauki ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun. Duk wanda ya ce maka "ai ba komai, ku taho kawai" bai kyauta maka ba.

5/
Amma wanda ya ce maka ba mai rai a can shi ma bai faɗi gaskiya ba. Motocin haya suna tashi kullum. Ana cin kasuwa, ana ɗaura aure, ana rubuta jarrabawa. Mutanen wurin sun koyi lissafin lokaci da hanya, kuma lissafin nan shi ne abin da baƙo ke buƙatar ya ara.

6/
A gidanmu sai da aka kai ruwa rana kafin a bar autar ta tafi. Baba cewa ya yi ta haƙura ta jira wata shekara ko Zariya za ta samu. Ta riga ta jira shekara biyu. Mama, wadda ita aka cire daga makaranta tana aji biyu na sakandare, ta ce, "Malam, ni na san abin da jira yake zama." Daga nan Baba bai ƙara cewa komai ba, sai ya kira ni ya ce in kai mota wurin bakanike. Na kawo wannan ne don ku san ba da wasa iyali ke hawa titin nan ba. Akwai abin da ake tsoro, akwai kuma abin da za a rasa idan aka zauna.

7/
Hanya daga Zariya: Giwa, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Bunguɗu, Maru, mararrabar Mayanci, sai Mafara. Na Kano su biyo ta Gwarzo da Malumfashi su haɗe da mu a Funtuwa. Na Sakkwato kuma ta Dange da Tureta, su wuce Lambar Bakura su shigo.

8/
Lokaci shi ne komai. Kada ku yi sammakon asuba irin na tafiyar Abuja. A wannan hanya ba a son ka zama motar farko da safe, ba a son ka zama ta ƙarshe da yamma. Ni nakan bar Zariya wajen bakwai, yadda zan shiga tsakanin Funtuwa da Tsafe rana ta ɗaga, motoci sun yi yawa, jami'an tsaro sun fito. Burina kullum in yi Azahar a Gusau ko kafin nan, in yi La'asar a cikin Mafara. Idan wani abu ya riƙe mu har La'asar ta same mu a Gusau, to a Gusau za mu kwana. Babu muhawara. Baba ya taɓa cewa "ai saura kaɗan," Mama ta ce, "Kaɗan ɗin nan ne ba na so." Muka kwana.

9/
Kafin ku bar Funtuwa, da kuma kafin ku bar Gusau, ku shiga tasha. Ba don hawa mota ba, don jin labari. Nemi direban da ya iso yanzu daga inda za ku, ka yi masa sallama, ka ce, "Maigida, yaya hanya?" Zai gaya maka abin da Google Maps ba ta sani ba. Direbobin haya da 'yan kamasho sun fi kowane shafi na intanet saurin samun labari, don su ransu ne a kai kullum. In da hali, bi bayan motar haya ka bar tazara kaɗan. Suna da sigina tsakaninsu.

10/
Alamar da kowane direban hanyar ya sani: idan ka yi 'yan mintuna kana tafiya babu mota ko ɗaya da ta fito daga gabanka, a titin da ya saba cika, rage gudu. Ka tsaya a gari na gaba ko wurin shingen jami'ai ka tambaya. In ka ga masu tahowa suna kunna maka fitila suna ɗaga hannu, ba gaisuwa ba ce. Kada ka tsaya yin jarumta da mata da yara a mota.

11/
Mota. A duba taya huɗu da safaya, jak, birki, fanbel, ruwan lagireto. Lalacewar mota da a wani wuri ɓacin rai ce kawai, a nan tana iya zama wani abu dabam. Ana aikin faɗaɗa titin a wurare, don haka za ka tarar da inda aka karkatar da hanya, da ƙura, da manyan motoci suna tahowa ta hannunka. Cika tanki a Gusau. Kada ka ɗauko fetur a jarka wai don ko-ta-kwana: an sha hana sayar da mai a jarka a jihar saboda masu kai wa 'yan daji, kuma bayanin da za ka yi a shingen bincike zai cinye maka lokacin da kake tattali.

12/
Shingaye suna da yawa: soja, 'yan sanda, da Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Janairun 2024. Sauke gilashi, kashe waƙa, yi sallama. Takardar shaidar samun gurbi ta ɗalibar ta kasance a kusa, ba a ƙasan akwati ba. Kowa ya riƙe katin shaidarsa. Kuma don Allah, 'yan ɗaukar bidiyo, ku ajiye waya a wurin.

13/
Tunda an zo kan waya: ban da sanarwa. "Mafara ga mu nan zuwa" da hoton mota da lambarta a status, wannan ba wayewa ba ce. Ku sa hotunan bayan kun dawo gida. Mutum biyu kawai suke buƙatar sanin inda kuke, ɗaya a gida, ɗaya a can, kuma ku riƙa kiransu a kowane babban gari. Ku rubuta lambobinsu a takarda. Wanda ya ga Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya, ya san waya ba abin jingina ba ce ɗari bisa ɗari. Ko yanzu akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Ku riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, a raba su a aljihu biyu ko uku, don tiransifa tana iya maƙalewa kana tsaye gaban mai abinci.

14/
To, ya isa haka da maganar tsoro. Mu shiga gari.

15/
Sunan garin daga kasuwarsa ya samo: ranar Talata take ci. Idan kuna son yi wa ɗalibi sayayya, ku daidaita zuwanku da ita. Ku iso Litinin, ku kwana, Talata da safe a shiga kasuwa. Ba sai kun wahalar da mota da buhun shinkafa daga gida ba, ga ta nan 'yar gida. Albasa, barkono, busasshen kifi, tabarma, bokiti, duk akwai. Amma ku sani ranar titin cikin gari yakan cushe, kuma kowane layin mai POS dogo ne. Mama ba ta taɓa zuwa ta koma ba tare da hoce ba. Wanda bai san shi ba, wani gashin ƙullun dawa ne na mutanen Zamfara da Sakkwato, yana da ɗan tsami, yana kwanaki bai lalace ba. A marmasa shi da ƙuli da mai da yaji, ko a jiƙa a miya. Yaranmu na Zariya da farko sun yatsina fuska, yanzu faɗa suke a kai.

16/
Kunnenku ma zai sha Hausa. "Mi kaka so?" "Shina nan." "Wanga yaro ɗiyan wa na?" Kada ku yi dariya a gaban mutane kamar yadda ƙanena ya yi har wata tsohuwa ta tambaye shi ko shi Bature ne. Autarmu da ta yi zango biyu ta dawo gida tana ce min, "Yaya, mi ya hwaru?"

17/
Wurin kwana: in kuna da dangi ko abokin arziki, ku sauka can. Ba don kuɗi kawai ba. Mai masaukinka shi ne zai ce maka yau kada ku bi nan, gobe ku bi can. In babu, akwai masaukan baƙi a cikin gari, amma ka sa ɗalibin da ya daɗe a wurin ya zaɓa maka. Wanda ya fi son otal mai sanyi ya kwana Gusau ya yi zuwa-da-dawowa da rana.

18/
Abin da na fi so iyaye su yi, wanda yawanci ba sa yi: kada a sauke yarinya a bakin ƙofa a juya. Ku shiga ku ga ɗakin da za ta kwana. In a cikin gari ta kama haya, ku gaisa da mai gidan, ku gaisa da maƙwabta, ku ga nisan wurin da makaranta, ku tambaya ina ake samun ruwa. Baba sai da ya yi sallar Magariba a masallacin unguwar, ya gabatar da kansa ga liman, ya ce, "Ga 'yarku nan na kawo, amana ce." Ni a lokacin ina ganin tsohon yayi ne. Da ta kwanta zazzaɓi cikin damina, matar limamin ce ta kai ta asibiti kafin ma labari ya iso Zariya.

19/
Yanzu Bakura da Maradun. Dukkansu sai ka sauka daga babban titi ka shiga ciki, kuma lissafin ya bambanta. Babban titi yana da motoci da shingaye. Hanyar ciki kana iya yin tafiya mai nisa daga kai sai gonaki. Dokar gidanmu: ba ma shiga sai wanda ke can ya ce mu shigo, a ranar, ba jiya ba. Mu shiga da hantsi, mu fito kafin La'asar. Damina ta fi wuya, don dawa da gero sun yi tsawo sun rufe gefen hanya, ba ka ganin komai. Akwai zuwan da muka yi har Mafara, tsakaninmu da gwaggo ba nisa, ta kira ta ce, "Ɗana, kada ku zo yau. Na yafe gaisuwar." Mama ta yi kuka a mota. Muka aika saƙon ta hannun direban haya muka juya.

20/
Duk shinkafa da albasa da rake da kuka gani a kasuwa, yawancinsu ruwan dam ɗin Bakolori ne. A kan Gulbin Sakkwato yake, ta wajen Maradun. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina shi, aka gama a 1978, yana ɗaukar ruwa kusan mita kubik miliyan 450, kuma magudanansa ne ke shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, sai ka ga fili kore shar har iya ganinka. Yana da kyau ƙwarai.

21/
Amma kafin ka ɗaga waya ka yi hoto, ka san tarihinsa. An tashi dubban manoma daga gonakinsu da gidajensu don a yi dam ɗin, diyya ta zo da rigima, manoma suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Adadin da gwamnati ta bayar kaɗan ne, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Kakarmu ta Bakura ba ta son a ambaci shekarar. Mu a makaranta ba wanda ya koya mana wannan, a bakin tsofaffi na fara ji. Idan ɗanku zai yi shekara biyu ko huɗu yana cin shinkafar wurin, ya kamata ya sani.

22/
Zuwa bakin dam ɗin kansa da iyali, ni kam ba na ba da shawara sai in ɗan gari ne ya ce lafiya kuma zai raka ku. Gonakin da magudanan ana ganinsu daga kusa da gari, sun ishi yara kallo.

23/
Komawa: ku bar Mafara wajen tara ko goma na safe, bayan an ji labarin hanya a tasha. Kada a bari sallama da "bari in ƙara mata nasiha ɗaya" su kai ku Azahar. Ku yi nasihar da daddare. Ku bar wa ɗalibin lambar direban haya ɗaya amintacce wanda ɗan gari ya haɗa ku da shi, don hutu zai zo kuma ba kullum za ku samu zuwa ɗauko shi ba. Ku ja masa kunne: ban da motar yamma, ban da motar da aka tare a bakin titi don ta fi araha, ko da kuwa an gama jarrabawa kowa yana ɗokin gida. Ya kwana, ya shiga tasha da safe, ya turo lambar motar kafin ta tashi.